Barkono da Bishiyar Fayin: Halinsu da Kulawar da Suke Nema

Barkono da bishiyar fayin tsirrai ne biyu da suka yi nisa da juna a siffa, a tsawon rai, da kuma irin hidimar da kowannensu ke nema daga hannun mai shuka. Barkono ƙaramin tsiro ne da bai cika wuce ƙugun mutum ba, ana shuka shi a ci amfaninsa cikin watanni kaɗan. Fayin kuwa, wanda Larabawa ke kira sanaubar, dogon itace ne mai ganye zare-zare masu tsini, yana nan kore shar rani da damina, kuma wanda ya dasa shi don katako sai ya jira shekara 20 ko fiye kafin ya sa masa gatari. Babu tukunyar miya a ƙasar Hausa da ba ta san barkono ba. Fayin kuwa yawancin mutane a hoto suka gan shi, ko da yake katakonsa da takardar da ake yi da shi suna shigowa kasuwanninmu kullum ba tare da an san daga jikin wace bishiya suka fito ba.

Garin Dungu, a yankin Matameye cikin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wuri ne da ya dace a auna tsirran biyu a kansa. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watannin sai hunturu da ƙura, daga nan bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40. Sai dai Dungu na cikin kwarin Korama, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, rijiya ba ta yin zurfi sosai. Wannan ne ya sa garake suka yawaita a fadamun yankin, ana noma rake da rogo da albasa da tumatir da kabeji da kabewa da tattasai da barkono, 'yan kasuwa na kwasa zuwa Matameye da Damagaram, wani kayan ma ya tsallaka iyaka ya nufi Daura da Kano. Barkono ya samu gida a wannan ƙasa. Fayin bai samu ba, kuma dalilan rashin samunsa su ne suka fi bayyana halinsa.

Asalinsu

Duk da yadda ya zama ɗan gari, barkono baƙo ne a Afirka. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen ƙasar Meziko suka fara noma shi kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ne aka kai shi Turai, daga nan fataken Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya cikin ƙarni na 16. Kafin zuwansa, yajin mutanen wannan yanki daga masoro da citta da kimba yake fitowa. Saurin da ya yi wajen mamaye girki yana da dalili: irinsa ba ya da nauyin ɗauka, yana tsirowa a ƙasa mai zafi, kuma idan ya bushe yana jure doguwar tafiyar ayari.

Abin da ake kira barkono dangi ne mai rassa. Akwai tattasai mai girma da ƙarancin yaji, akwai shambo dogo, akwai ƙanana masu tsananin zafi irin su tsiduhu, sannan akwai attarugu mai ƙamshi, wanda a Nijar da Sakkwato da Katsina ake ce wa tugande. A lissafin masana tsirrai, tattasai da shambo jinsi ɗaya ne mai suna Capsicum annuum, attarugu kuwa jinsi ne dabam, Capsicum chinense, kuma shi ya fi jinkirin tsirowa da jinkirin nuna. Dukkansu 'yan uwan tumatir ne da gauta da yalo da dankalin Turawa da taba, kuma wannan zumunci yana da muhimmanci idan aka zo maganar cuta.

Fayin tsohuwar zuriya ce da ta riga tsirrai masu fure bayyana a duniya. Jinsunansa sun kai kusan 120, kuma in ban da guda ɗaya da ya tsallaka a tsibirin Sumatara na Indonesiya, dukkansu a arewacin layin da ya raba duniya biyu asalinsu yake: dazuzzukan Rasha da Kanada da arewacin Turai, duwatsun Meziko da Himalaya, da gaɓar Bahar Rum. A Afirka, arewa kaɗai ke da shi na asali, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya. Wasu jinsunan na haura mita 80 a tsawo. Akwai kuma wani da ke zaune a kan busassun duwatsun Kalifoniya, an ƙirga shekarun ɗaya daga cikinsu aka samu fiye da 4,800.

Mafi kusa da ƙasar Hausa da ake samun gandun fayin na sosai shi ne tsakiyar Najeriya. Tun shekarun 1950 da 1960 ma'aikatan gandun daji suka yi ta gwada jinsunan ƙasashe masu zafi, musamman Pinus caribaea da Pinus oocarpa na Amurka ta Tsakiya, a Afaka kusa da Kaduna, da Miyango a kan tsaunin Jos, da Nimbiya, da tsaunin Mambila. Cibiyar binciken itatuwan yankin sabana da aka kafa a Samaru ta Zariya a 1964 ita ta jagoranci da yawa daga gwaje-gwajen. Buƙatar ita ce a samu katako mai laushin aiki da ɓargon itace mai dogon zare don masana'antun takarda irin na Jebba. Abin lura a nan shi ne wuraren da aka zaɓa: duka suna samun ruwan sama sama da milimita 1,000, ninki biyu na abin da Dungu ke samu, kuma Jos da Mambila na da sanyin tudu a kan haka.

Jiki da hali

Ganye shi ne wurin da bambancin ya fara bayyana. Na barkono faffaɗa ne, mai laushi, yana fitar da ruwa da yawa, shi ya sa da tsakar rana a bazara ake ganin gonar ta yi yaushi ko da an shayar da ita da safe. Mai garka yana karanta lafiyar shukarsa a ganye: ƙishi, yunwar taki, ciwo, duk a nan suke nuna kansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ganyen fayin siriri ne mai tauri, an lulluɓe shi da wani abu mai kama ruwa, yana fitowa ɗauri-ɗauri, biyu ko uku ko biyar a ɗauri gwargwadon jinsi, kuma kowane ɗauri na yin shekara biyu ko fiye kafin ya faɗi. Wannan tsari na rage asarar ruwa, amma yana ɓoye ciwo. Fayin da saiwarsa ta mutu yana iya zama kore har makonni, sai daga baya ya rikiɗe ja gaba ɗaya, lokacin da babu sauran abin yi.

Saiwar barkono ba ta nisa. Yawancinta a cikin santimita 30 zuwa 60 na saman ƙasa take, kuma dashe na ƙara gajarta ta domin uwar saiwar kan tsinke wajen cira. Don haka ba ya iya neman ruwa da kansa, sai an kai masa. Fayin na tura uwar saiwa ƙasa tun yana ƙarami, sannan ya baza wasu a gefe fiye da faɗin rassansa. Ƙasa mai dutsen marmara kusa da sama takan tsayar da girmansa, abin da aka gani a wasu filayen gwaji na arewacin Najeriya. Abu guda da suka haɗu a kai shi ne ƙin ruwa kwance. Ko barkono ko yawancin jinsunan fayin, idan saiwa ta daɗe cikin taɓo sai ta fara ruɓa.

Barkono na yin ƙaramin fure fari, kuma furen guda na ɗauke da namiji da mace, yana iya barbarar kansa. Amma ƙudan zuma kan ɗauko garin fure daga wata shuka zuwa wata, shi ya sa wanda ya shuka tattasai dab da barkono mai zafi, ya kuma ɗebi iri a nan, sai ya tarar baɗi tattasansa ya ɗauki yaji. Fayin ba ya fure, ba ya 'ya'ya masu tsoka. Yana fitar da kwanso iri biyu a bishiya guda. Ƙananan su ne maza, suna sakin gari rawaya iska ta ɗauka. Manyan su ne mata, masu ɓawo hawa-hawa kamar ƙaramar abarba ta itace, kuma a ƙarƙashin kowane ɓawo ƙwayar iri ke kwance da ɗan fiffikenta. Daga barbara zuwa nunar iri ana ɗaukar kusan shekara biyu. A cikin wannan lokaci mai barkono ya shuka ya girbe sau uku ko huɗu.

Kowannensu na da makamin kare kai. Na barkono wani sinadari ne da ake kira kafsaisin, kuma ba a cikin ƙwayoyin yake ba kamar yadda ake zato, a farin jijiyar da ƙwayoyin ke manne da ita yake taruwa. Yana ƙona bakin dabbobi masu shayarwa, waɗanda haƙoransu ke niƙe iri, amma tsuntsu ba ya jin sa ko kaɗan. Tsuntsun ya haɗiye, ya tashi, ya zubar da irin a wani wuri lafiya lau. A 1912 wani mai haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin zafin barkono da har yau ake amfani da shi. A kan ma'aunin, shambo na tsakanin 30,000 da 50,000, attarugu kuwa daga 100,000 zuwa 350,000. Sinadarin a mai yake narkewa ba a ruwa ba, shi ya sa nono ke kashe raɗaɗin da ruwan sanyi ya kasa. Da kafsaisin ne masanin kimiyya David Julius ya gano hanyar da jijiyoyin jiki ke jin zafi, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021.

Makamin fayin ƙaro ne mai danƙo da ƙamshi. Da zarar an ji wa bishiyar rauni sai ya tsattsafo ya toshe wurin, ya manne ƙwaron da ke neman shiga. Daga gare shi ake tace man da masu fenti ke sirka fenti da shi, da wani daskararren ƙaro da ake sa wa a sabulu da gam da takarda. Illarsa ita ce kama wuta.

Renon barkono

Barkono ba a watsa shi kai tsaye a gona, sai an fara renonsa. Ana gyara ɗan fangali mai ƙasa laushi, a cakuɗa ta da takin gida wanda ya riga ya ruɓe, a ja layuka marasa zurfi, a zuba iri a rufe da ƙasa kaɗan, kaurin da bai wuce santimita ɗaya ba. A kan haka ake shimfiɗa ciyawa ko karan gero don riƙe laima, a ɗage ta da zarar tsiro ya ɓullo. Zafin da ya fi dacewa da tsirowa digiri 25 zuwa 30 ne, inda irin ke fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Attarugu kan kai mako uku. Ban ruwa safe da yamma ne, amma da sauƙin hannu, domin laima mai yawa na kawo ruɓewar wuya da ke kwantar da tsiro layi guda cikin dare.

Bayan mako biyar zuwa shida, idan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai dashe. Da yamma ake yi, bayan an jiƙa fangalin reno sosai don a ciro kowane tsiro da ƙasarsa. Tazarar santimita 40 zuwa 60 ta isa, attarugu dai ya fi son fili. Lokacin dashe shi ne babban hukuncin da mai garka ke yankewa a wuri kamar Dungu. Idan daren hunturu ya sauka ƙasa da digiri 15 girma na tsayawa. Idan rana ta haura digiri 35, furen na kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Saboda haka wanda ya yi reno a ƙarshen damina ya dasa da kaka, shukarsa ta kafu kafin sanyi, ta yi fure kafin zafin Afrilu. Wanda ya makara sai ya tashi da gona mai kyan ganye ba amfani. Masu son kaiwa bazara, lokacin da kaya ke tsada, kan dogara da inuwa mara kauri ta zogale ko layin masara da ciyawar da ake rufe gindi da ita.

Ruwa shi ne aikin yau da kullum. A ƙasa mai yashi ba a wuce kwana biyu ko uku ba a shayar ba, kuma daidaito ya fi yawa muhimmanci. Idan aka bar gona ta bushe sannan aka cika ta da ruwa, fure na zuba, kuma gindin ɗan tattasai na yin baƙin tabo ya ruɓe. Mutane da dama na ɗaukar wannan tabo cutar ƙwari ce su yi ta feshi a banza, alhali rashin isar sinadarin kalsiyam ne zuwa ga ɗan saboda yankewar ruwa. A kwaruruwan da kanwa ke tasowa, kamar yadda ake gani a sassa da dama na jihar Damagaram, barkono na tsumburewa, domin ba ya jure gishiri sosai.

Taki ma da iyakarsa. Takin dabbobi ruɓaɓɓe shi ne tushe. A kansa ake ƙara na zamani mai lamba 15-15-15 wajen dashe, sannan yuriya kaɗan-kaɗan lokacin fure da bayan kowane tsinka. Yuriya mai yawa na sa shuka ta yi tsawo da duhun ganye, ta jinkirta 'ya'ya, ta kuma jawo ƙwari masu tsotso.

Waɗannan ƙwari su ne babbar barazana. Farin ƙuda da kwarkwatar ganye ba tsotso kaɗai suke yi ba, suna ɗauko cututtukan bairos da ke murɗe ganye su dabbare shi, kuma shukar da ta kamu ba ta da magani sai a tuge ta a ƙone. Jan gizo-gizo na yawaita a busasshen zafi. A cikin ƙasa kuma akwai tsutsar da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, wadda ta fi son yashi irin na fadamun Korama. Maganinta mafi sauƙi shi ne juya shuka. Ba a bin tumatir ko yalo ko gauta da barkono a fangali guda, sai a ratsa da albasa ko masara ko gero. Ruwan dakakken 'ya'yan dogon yaro na rage ƙwari masu tsotso idan aka fara fesawa da wuri. Abin takaici shi ne yadda magungunan da ba su da rajista, irin wanda ake kira piya-piya, ke yawo a kasuwanni ana zuba su kan kayan da gobe za a kai wa masu saye. Kowane magani na da kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, kuma tsallake su cutar da mai ci ne kai tsaye.

Tsinka na farawa wata biyu zuwa uku bayan dashe, ya ci gaba duk mako ko kwana goma har tsawon watanni. Yawan tsinka na sa shukar ƙara fure. A haƙiƙa barkono ba ɗan shekara guda ba ne, yana iya rayuwa shekara biyu ko uku idan ana masa aski da ban ruwa, sai dai cuta na taruwa a jikinsa har ya zama sabon dashe ya fi riba. Wanda za a adana ana barinsa ya nuna ja sosai, a shanya a kan tabarma ko daɓe mai tsabta, ba a kan ƙasa ba, har sai ya yi ƙaras. Buhun da aka ɗure da sauran laima yana yin fumfuna mai dafi. Darajar busasshen tattasai a Nijar ta fi bayyana a jihar Diffa, a gaɓar Komadugu Yobe, inda ake masa laƙabi da jan zinariya, mafi yawansa kuma Najeriya ake kaiwa. Lokacin da hukumomi suka hana cinikinsa a 2015 saboda rikicin Boko Haram, dubban iyalai suka shiga ƙunci har aka ɗage haramcin a 2017.

Renon fayin

Hidimar fayin a farkon rayuwarsa ta taru. Ana shuka irin a yashi, a mai da tsiron cikin ledar reno, ya yi wata shida ko fiye kafin a fitar da shi. Ƙasar da jinsunan wurare masu zafi ke so mai ɗan tsami ce, mai tsotse ruwa, ba kanwa ba farar ƙasa. Amma akwai wani sharaɗi da ya daɗe yana rikita masu gwaji. A Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, tsiron farko da aka rena sun yi ta tsirowa lafiya, sai su tsaya cak, su yi rawaya, su mutu. Daga baya aka gane cewa saiwar fayin ba ta iya ciyar da kanta ita kaɗai. Tana zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wani naman gwari na cikin ƙasa, wanda ke lulluɓe ƙananan saiwoyi, ya miƙa zarensa nesa ya jawo ruwa da sinadarin fosfaras, ita kuma bishiyar ta biya shi da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Ƙasar sabana ba ta da wannan naman gwari. Sai da aka ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyin fayin aka gauraya a gandun reno sannan dashe ya fara kamawa. Har yanzu haka ake yi, kuma duk wanda ya sayi iri ya zuba a ƙasar gidansa ba tare da wannan ba, wahala kawai zai sha.

Ana fitar da dashe idan damina ta zauna, tazarar mita biyu da rabi zuwa uku. Shekara biyu ko ukun farko noma ake yi ba wasa, domin ciyawar sabana ta fi ƙaramin fayin saurin girma, tana kuma shanye laimar da zai ratsa rani da ita. Bayan rassa sun haɗe sun yi inuwa, ciyawa ta mutu da kanta, aikin ya koma na lokaci-lokaci: rage cunkoso don waɗanda suka rage su yi kauri, da datse rassan ƙasa don katako ya fito ba gaɓoɓi. Ba a taɓa ƙololuwarsa. Barkono idan aka tsinke masa kai sai ya yi rassa ya ƙara 'ya'ya, fayin kuwa idan ya rasa kai sai ya karkace ko ya rabu biyu, katakon ya lalace. Haka nan reshen da aka datse har cikin tsohon itace ba ya sake toho, kuma yawancin jinsunan idan aka sare su daga gindi sun tafi ke nan.

Babban abokin gabarsa wuta ce. Busasshen ganye na taruwa a ƙasa, ƙaro na cikin itace, ga iskar hunturu. Gobarar mafarauta ta yini guda na iya cinye aikin shekara goma, shi ya sa share layin tare wuta a kewayen gandu kowace kaka ya zama dole. Wanda aka shuka don takarda ana sarewa daga shekara 15, na katako kuwa 25 zuwa 30. Ba katako kaɗai ake ci daga fayin ba. A Lebanon ƙwayar wani jinsi na shiga girki da tsada, a Tunisiya kuma da ƙwayar fayin na Halab ake dama wani kunun zaƙi na musamman a lokacin Mauludi.

Fayin a ƙasar Sahel

Jinsin Halab ɗin nan na cikin waɗanda suka fi jure fari, yana rayuwa da ruwan da bai kai na Dungu ba, don haka ana iya zaton zai yi a Sahel. Amma ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba, har da lokacin saukarsa. A gaɓar Bahar Rum da sanyi ake ruwa, ƙasa na riƙe laima tsawon watanni. A Damagaram ruwan na zuwa cikin zafi, ya ƙafe da wuri, sannan wata takwas su biyo ba ɗigo. Ko a gidansa ma jinsin ya nuna iyakarsa. A farkon shekarun 1970 Aljeriya ta ƙaddamar da shirin katangar itatuwa don tare hamada, aka dasa fayin na Halab kusan shi kaɗai a faɗin fili mai yawa. Fari da kiwo da wata tsutsa mai cin ganyensa suka lalata kaso mai yawa, har daga baya aka koma gauraya jinsuna. A Dungu ana iya raya fayin guda ɗaya ko biyu a tsakar gida da ban ruwa na kullum, amma ruwan da zai sha a shekara ya isa fangalin barkono da dama, kuma inuwarsa mai duhu da ganyensa mai jinkirin ruɓa ba sa taimakon kayan lambu.

Itacen da ake gani a tsofaffin makarantu da unguwannin ma'aikata na Kano da Zariya da Kaduna, mai zare-zaren da ke fito idan iska na kaɗawa, wanda masu sayar da dashe kan ce fayin ne, ba shi ba ne. Kasuwarina ne, ɗan asalin gaɓar Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya, wanda a ƙasashe masu Faransanci ake kira filawo. Tsiro ne mai fure, zaren nasa ƙananan rassa ne ba ganye ba, yana jure gishiri, kuma saiwarsa na ƙara wa ƙasa taki. A Senegal tun 1948 aka fara dasa shi a bakin teku, har ya zama ɗamara mai tsawon kusan kilomita 200 tsakanin Dakar da San Luwi, tana tare yashi daga binne lambunan yankin Niyayes da ke ciyar da biranen ƙasar. A cikin ƙasa nesa da teku, sai inda saiwarsa ta kai ga ruwa yake yin kyau.

Aikin da ake nema wajen fayin, wato tare iska da samar da itace da inuwa, a yankin Matameye akwai masu yin sa. A kwarin Majiya na jihar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun rage ɓarnar iska a gonakin gero. A Matameye da Magarya da Mirya kuwa gawo ne sarki. Ana ba da labarin dokar mai tsanani da Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kafa kan sare shi, kuma tun shekarun 1980 manoman waɗannan yankuna uku suka mai da miliyoyin gawo gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito da kansa a gyara shi a kare shi. Gawo na zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Wannan ɗabi'a ta sa a gonar tudu ya fi amfani. A bakin garkar rani, inda barkono ke buƙatar rana da safe da ɗan sauƙi da azahar, masu lambu sun fi sa zogale da lalle a shinge, mangwaro da gwaba da lemo kuma a gefen da inuwarsu ba za ta kwanta kan fangali tsawon yini ba.